Darasin Wannan Mako: Tsohuwar Laftof da Sabuwar Babbar Manhaja

Da yawa daga cikinku kun tambaye mu dalilin da ya sa allon nan ya yi mako biyu babu sabon rubutu. Laftof ɗin ƙungiya ce ta kwanta, kuma da hannunmu muka kwantar da ita. Tun da mun san akwai masu irinta a gida, wadda yaya ya gama jami'a ya bar wa ƙanne, ko wadda Baba ya sayo ta hannu don a riƙa gwajin jarrabawar JAMB, muka ga ya dace darasin wannan mako ya tsaya a kanta.

Babbar manhaja ita ce wadda take fara tashi idan an kunna kwamfuta, sauran manhajoji kuma a kanta suke zama. Windows ce aka fi sani. Tamu tana ɗauke da Windows 10, wadda kamfanin Microsoft ya daina tura wa gyaran tsaro na kyauta tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar ba ta daina aiki ba. Abin da ya canza shi ne, duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga baya, a buɗe za ta zauna. Ga nauyi kuma: sai mu kunna ta, mu je mu share ofis mu dawo, tana nan tana juya ɗan zobenta. Muka yanke cewa sabuwa ce magani, muka kai wa wani mai gyara ya sa mata Windows 11.

Ya sa, ta kuma tashi. Amma nauyin ya ninka, buɗe takarda ɗaya ya zama aiki. Mafi ciwo, hotunan gasar kacici-kacici da rubuce-rubucen zango biyu duk sun tafi, don ba mu kwafe su ba kafin a goge ma'adanar. Garin neman gira muka rasa ido.

Kuskurenmu na farko shi ne ba mu tambayi abin da ke cikin na'urar ba. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci. Akwai masarrafa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Akwai ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, wadda take kamar teburin da kake baza littattafai a kai lokacin karatu. Idan ya yi ƙanƙanta sai ka riƙa ɗauke wannan ka ajiye wancan. Sai babbar ma'adana, akwatin da komai yake kwana a ciki. Don ganin su, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a shiga sashen Performance. Idan masarrafar ta kamfanin Intel ce, za a ga suna kamar i5-3320M. A irin wannan suna, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zuriya. Tamu 3 ce, zuriya ta uku, ta shekarar 2012.

Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, tana neman aƙalla RAM gigabait 4, ma'adana gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. A ɓangaren Intel kuma, galibi daga zuriya ta takwas zuwa sama take karɓa. Tamu ta gaza da zuriya biyar. To yaya aka yi ta shiga? Akwai dabarun tsallake wannan bincike, masu gyara sun san su sarai. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa kwamfutar da aka sa wa ta haka ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Ke nan tsaron da muka je nema ma ba mu riƙe shi a hannu ba. Kuma gigabait 4 ɗin nan, iyakar abin da zai sa ta tashi ne kawai. Da ka buɗe shafuka huɗu ko biyar na intanet, teburin ya cika. An ɗora wa jaki kayan raƙumi.

A nan muke so a tsaya a saurara da kyau, domin abin da ya fi ba mu mamaki ke nan. Malaminmu na kwamfuta da ya duba, bai fara da manhaja ba. Ya nuna mana layin babbar ma'adana a Task Manager, yana tsaye cak a kan ɗari bisa ɗari, alhali masarrafar tana hutawa. Tsofaffin laftof suna zuwa da ma'adana mai faifai a ciki, wanda yake juyawa, yawanci sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke yawo a kansa yana neman bayani. Duk abin da ka danna, sai hannun nan ya je ya lalubo. Sabuwar ma'adana da ake kira SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, irin ta cikin waya ce, shi ya sa take amsawa nan take. A yawancin laftof na wancan zamani, kwance noti kaɗan ne a ƙasa, a zare tsohuwar a zura sabuwar. Muka yi karo-karo, Malam ya cika mana, muka sayi mai gigabait 128. Ba a taɓa komai ba bayan wannan, amma kamar an canza kwamfutar.

Ya kuma sa aka buɗe wajen fanka. Ƙurar hunturun shekaru ta dunƙule a ciki kamar auduga. Masarrafa idan ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, saboda haka masu ɗora laftof a kan katifa ko filo, ku ma kuna toshe mata numfashi.

Saura zaɓen babbar manhaja. Nan muka yi gardama sosai, har sakatarenmu ya yi fushi. Malam ya kawo shawarar Linux, wadda wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Ɗalibi fa, kamar yayyenmu. Kyauta ce, kuma tana da iri-iri. Akwai Ubuntu, wadda ta fito a 2004, sunanta kuma kalma ce daga harsunan kudancin Afirka mai nufin mutuntaka. Akwai Lubuntu da Linux Mint mai fuskar Xfce, waɗanda ba su da nauyi. Mint tana iya tashi da RAM gigabait 2, ko da yake 4 ya fi daɗi, kuma fuskarta ta yi kama da Windows har ba ka ɓata. Ita muka zaɓa. Sabuwa ce fil, ana tura mata gyaran tsaro, kuma daidai ƙarfin na'urarmu take.

Ba sai an goge komai ba kafin a gwada ta. Ana sauko da ita daga shafinta, kusan gigabait 3 ce, don haka a tanadi data. Sai a ɗora ta a filash mai gigabait 8 da wata ƙaramar manhaja irin Rufus. A sani cewa duk abin da ke filash ɗin zai goge. A kashe laftof, a soka filash, a kunna ana danna F12 ko F9 ko Esc, gwargwadon ƙirar na'urar, sai a zaɓi tashi daga filash. Mint za ta buɗe ba tare da ta taɓa ma'adanarka ba. A gwada Wi-Fi, a gwada sauti, a gwada firinta idan akwai. In wani abu ya ƙi, a zare filash a koma yadda ake. In komai ya yi, kafin a danna girkawa a kwafe takardu da hotuna zuwa wani wuri daban, a buɗe su a can a tabbatar sun kwafu. Kuma kada a fara sai caji ya cika ko ana da tabbacin wuta, domin batirin tsohuwar laftof ba ya jimiri, in ta mutu ana tsakiyar aiki sai an sake daga farko.

Gardamar sakatarenmu tana da tushe, ba za mu ɓoye ba. Microsoft Word ba ya zama a Linux kai tsaye. Akwai LibreOffice da ke zuwa tare da Mint, yana buɗe takardun Word yana kuma ajiye su, amma wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce. Mu bai dame mu ba, rubutu muke bugawa mu liƙa a allo. Har ma mun sami tsarin madannai na Hausa a cikinta, shi ya sa kuke ganin ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu, ba mu ƙara bi da biro muna gyarawa ba. Amma 'yan aji shida, ku yi hattara. Da yawa daga manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa don kwamfuta, na Windows ne. Wanda don wannan aka saya masa laftof, a ganinmu kada ya goge Windows ana saura 'yan watanni jarrabawa. Ya sa SSD, ya ƙara RAM in da hali, ya yi gwajinsa ba tare da jona intanet ba, ya kuma guji shiga asusun banki ko buɗe duk abin da aka turo masa a kanta. Bayan jarrabawa sai ya sake shawara.

Wanda kuma ya duba ya ga tasa zuriya ta takwas ce ko sama, da RAM gigabait 8, galibi babu abin da zai hana shi Windows 11, muddin tana da TPM 2.0 da isasshiyar ma'adana.

Filash ɗin da muka yi amfani da shi yana ofishin ƙungiya. Mai son gwadawa ya nemi izinin iyayensa da na malamin kwamfuta, ya kawo laftof ɗinsa ranar Laraba bayan tashi, da cajarsa, da wani filash ɗin na kwafe kayansa. Wanda kuma yake da hotunan gasar kacici-kacici a wayar gidansu, don Allah ya taimaka mana da su.