Yadda Ake Tsara Sayen Kayan Aikin Ruwan Birni Da Na Magudanai

An shirya wannan darasi domin hakimai da magatakardansu, musamman waɗanda ƙasarsu ke maƙwabtaka da birni, ko kuwa birni ya riga ya shigo cikinta. A yau ba da kwangilar aikin ruwa ba ya hannun hakimi, yana hannun gwamnatin jiha da hukumarta ta ruwa. Amma ta ƙasar hakimi bututu zai bi, gonakin talakawansa za a haƙa, kuma ƙofarsa za a fara kawo kuka ran da famfo ya ƙafe. Saboda haka ya kamata ya san yadda ake tsara sayen, don in an kira shi shawara ya san abin da zai tambaya.

Aikin nan ba baƙo ba ne ga sarauta. Ruwan famfo na farko a Kano, wanda aka jawo daga Kogin Calawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aikin En'e ne, da kuɗin Baitulmali aka yi shi tare da wutar lantarki. Daga baya aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, aka ƙara matatun ruwa, har da babbar matatar Tamburawa mai tace lita miliyan 150 a yini, wadda aka gina zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau. Duk da haka mai zaga unguwannin Kano zai ga 'yan garuwa na tura kura cike da jarkoki. Dalilan suna da yawa, amma guda ɗaya ya shafi darasinmu. Ruwan birni tamkar sarƙa yake: daga kogi zuwa matata, daga matata zuwa tanki a kan tudu kamar na Goron Dutse, daga tanki zuwa bututun unguwa, daga gida kuma zuwa kwata. In an sayi zobe ɗaya mai ƙarfi aka bar na kusa da shi ruɓaɓɓe, sarƙar ba za ta ɗauki kaya ba.

Ƙidaya kafin ciniki

Dokar sayen kayan gwamnati ta Tarayya, wadda aka kafa a 2007, ta wajabta wa kowace ma'aikata ta fara auna bukatarta, ta binciki farashin kasuwa, ta tattara kayan da suka yi kama wuri ɗaya, sa'an nan ta shigar da kuɗin cikin kasafin shekara. Ta kuma hana a ƙulla ciniki sai an tabbata akwai kuɗin biyansa. Wannan doka ta hau kan ayyukan Gwamnatin Tarayya ne, da waɗanda Tarayya ta ba da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsu. Jihohi suna da nasu dokokin, galibi a kan wannan gwadabe suke, kuma ya dace magatakarda ya nemi ta jiharsa ya ajiye a ofis.

Auna bukata lissafi ne wanda kowane malami zai iya bi. Masana lafiya na duniya sun ƙiyasta mutum yana bukatar lita 50 zuwa 100 a yini domin sha da girki da wanka da wanki. Lita 50 jarka biyu ke nan ta masu lita 25. To, mu ɗauki misalin wata gunduma mai mutum 40,000, mu ba kowa mafi ƙanƙanta. Ruwan da za su sha a yini ya zama lita miliyan 2. In kuwa tsofaffin bututu na zubar da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka turo, lalle sai an turo lita miliyan 3 kafin miliyan 2 su isa gidaje. Har wa yau jama'a ba tsaye take ba. In tana ƙaruwa da mutum uku cikin ɗari kowace shekara, cikin shekara 24 ko kusa da haka za ta ninka. Watau bututun da za a binne bana, wanda ake fata ya kai jikoki, sai a auna shi da lita miliyan 6.

Daga wannan lissafi abu biyu sun fito. Na farko, toshe yoyo sayen ruwa ne, kuma sau da yawa ya fi gina sabuwar matata araha. Sai dai ba a yi masa bikin buɗewa, shi ya sa ba ya da masoya da yawa wurin tsara kasafi. Na biyu, rowa wurin faɗin bututu hasara ce. In an ninka faɗinsa, ruwan da zai ɗauka ya kan ninka sau huɗu ko fiye, alhali kuɗin haƙa rami da gyaran hanya bai ƙaru da yawa ba. Wanda ya binne ƙarami don ya rage kuɗi, shekara goma ba za ta cika ba sai ya sake fasa hanyar.

A nan ne amfanin magatakarda ya fi yawa. Injiniya yana da taswira, amma taswira ta kan tsufa. Mai unguwa ne ya san filin da ya zama gidaje ɗari cikin shekara uku, da makarantar allo mai almajirai da yawa, da mahauta, da marina, da tashar mota. In aka aiko neman adadin gidaje, kada a cika takarda da ka. Wanda ya rage adadi ya cuci unguwarsa, wanda ya ƙara don a ba shi babban rabo ya cuci ta maƙwabcinsa.

Jerin aiki

Babban aiki ba a ba mutum ɗaya shi duka, rarraba shi ake yi kashi-kashi. Aikin ruwan Zariya ya isa misali. Madatsar Galma ta Gwamnatin Tarayya ce. Matata mai lita miliyan 150 gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da kwangilarta a 2008, aka buɗe ta a 2017. Manyan bututu da tankuna da rancen Bankin Musulunci aka yi su, bututun cikin gari kuwa da rancen Bankin Raya Afirka. Ga masu kuɗi huɗu, kowanne da ƙa'idarsa ta saye da lokacin da yake sakin kuɗi, alhali mai gida a Tudun Wada ba zai ga ɗigo ba sai duka huɗun sun haɗu. Aikin tsarin saye shi ne ya sa su haɗu. Akan rubuta ranar da ake son ruwa ya zubo, sa'an nan a yi ta lissafi ana komowa baya: wata nawa gini zai ci, wata nawa injin zai yi a hanya daga ƙasar waje, yaushe za a sa hannu, yaushe za a yi shela.

Cikin wannan lissafi tilas a tuna da damina. Ramin da aka haƙa a watan Agusta cika yake yi da ruwa ya rufta, aikin bakin kogi kuwa sai da rani. Tilas kuma a tuna da darajar kuɗi, gama injuna da yawancin kayansu daga waje ake sayo su. A tsakiyar 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗan kwangilar da ya sa hannu kafin haka, in takardarsa ba ta faɗi yadda za a gyara farashi ba, ko dai ya gudu ko ya kawo kayan banza. Akwai kuma wani abin takaici da kowa ya sha gani: a shimfiɗa wa hanya kwalta bana, baɗi a zo a fasa ta don binne bututu. Hakimin da ya ji labarin ayyukan biyu yana iya haɗa ma'aikatan biyu tun da wuri, ko da wasiƙa ɗaya ce.

Rarraba aiki bisa nau'insa halal ne. Amma yayyanka aiki ɗaya ƙanana-ƙanana don a kauce wa shela da gasa laifi ne a dokar 2007, kuma hukuncinsa ɗauri.

Ruwan da ya shiga sai ya fita

Injiniyoyi sukan ɗauka cewa wajen kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ya shiga gida zai fito a matsayin ruwan ƙazanta. A gundumar misalinmu lita miliyan ɗaya da dubu ɗari shida ke nan kullum. Ina za su? Garuruwanmu ba su da bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa da ya game gari. Bayan gida masai ne ko rami mai siminti, ruwan wanka da wanki kuwa sai kwata, daga kwata sai kududdufi ko rafi. In an ƙara ruwan famfo aka bar magudanai yadda suke, an saya wa unguwa sauro. Abin da ya fi wannan muni shi ne bututun sha da ya ratsa cikin kwata. Sa'ad da aka ɗauke ruwa ya zama fanko, sai ya tsotsi ƙazanta ta wurin tsaga, ran da aka dawo da ruwa ya kai ta randunan mutane. Ta irin wannan hanya amai da gudawa da zazzaɓin taifot kan shiga gida.

Kano ta nuna abin a fili. Jakara tana kwashe ruwan kwatocin birni, Getsi tana kawo na masana'antun Bompai ta zuba mata, su gangara madatsar Wasai, a hanya kuma masu lambu na ban ruwa da shi. Ta kudu, ruwan majemun Sharaɗa da na Calawa yana ƙarewa cikin Kogin Calawa, wanda ke haɗuwa da Kogin Kano kusa da Tamburawa. Gwargwadon dattin kogi, gwargwadon kuɗin tace shi. Don haka tsarin da ya lissafa injin turo ruwa, bai lissafa kwatoci da motocin kwasar masai da filin da za a tace abin da suka kwaso ba, rabin tsari ne. Filin nan kuwa shi ya fi wuyar samu, domin ba mai son sa kusa da gidansa, kuma ba mai iya sasanta wannan magana kamar hakimi. A fara ta tun ana zana taswira. In aka bari har ɗan kwangila ya sauke kaya, kowace ranar jayayya gwamnati ce za ta biya.

Shela da zaɓe

Asalin ƙa'ida ita ce gasa a fili. A yi shela a jaridu, kowa ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe takardu gaban masu nema a ranar da aka faɗa. Dokar 2007 ta ce a gayyaci 'yan kallo aƙalla biyu waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. Wanda za a ba shi ne mafi sauƙin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. A lura da ƙarshen maganar nan, gama araha ba ta ado. Injin mai araha wanda ke shan wuta da yawa, cikin 'yan shekaru zai cinye rarar da aka samu wurin sayensa.

Kuɗin kafin alƙalami dokar ta tsayar da shi kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30, kuma ba a ba da shi sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora. Wanda ya ci kwangila zai ajiye lamunin kammala aiki na aƙalla kashi 10. Ita ma gwamnati an ɗaure ta: in ta wuce kwana 60 ba ta biya aikin da aka tabbatar ba, sai ta biya da ƙari.

Matata kuwa ci take yi kullum. Tana son alam don kwantar da laka, da kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, da wuta ko man janareta, da kayan gyara. Da damina kogi ya kan yi jawur, alam ɗin da ake bukata ya ƙaru, saboda haka tun da bazara ya kamata ya shiga sito. Yana da kyau takardar kwangila ta tilasta wa mai kawo inji ya haɗo da kayan gyara na 'yan shekaru, ya kuma koya wa ma'aikatan gida yadda ake kwance shi. In aka sayi injuna iri biyar daga ƙasashe biyar, kayan gyaran wannan ba za su shiga wancan ba.

Littafin magatakarda

Da zarar an ji ƙishin-ƙishin aiki, magatakarda ya buɗe littafi na musamman. Ya rubuta sunan kowane mai gona ko gida da bututu zai ratsa, da abin da ke kan filin, itatuwa ne ko gini ko shuka, a gaban dagaci da shaidu, tun kafin ranar ƙiyasin diyya. In ba haka ba, bukkoki kan tsiro dare ɗaya a kan layin safiyo. Ya nuna maƙabartu da masallatai da tsofaffin rijiyoyi, domin karkata layi a takarda ba ya cin kome. Bayan an soma aiki ya riƙa rubuta ranar da kaya suka sauka, da ranar da ma'aikata suka daina zuwa, da ramin da aka bari buɗe kusa da hanyar yara.

Hakimi ba zai tsai da ɗan kwangila ba, ba kuma zai yi gardamar faɗin bututu da shi a bakin rami ba. In ya ga abin da bai gamsu da shi ba, kamar a rufe rami da dare ba a gwada bututu da ruwa ba, sai ya rubuta wa injiniyan da ke duba aikin, ya aika kwafi ga shugaban ƙaramar hukuma da majalisar Sarki, ya sa kwanan wata da sunan wurin. Ya yi haka kafin a karɓi aikin, ko kuwa cikin wa'adin gyara da ke biye da karɓa, wanda galibi wata shida ne ko shekara guda, tun sauran kuɗin ɗan kwangila na hannun gwamnati.