Darasin Sana'a: Idan Ƙyauren Kyamara Ya Cije

Kafin wayar hannu ta shigo, mai hoto mutum ne da ake kai wa goron gayyata. Ranar suna, ranar ɗaurin aure, ranar sallah, sai ga shi da kyamara rataye a wuya. Kyamarar tana da ido biyu, ɗaya a kan ɗaya. Yakan riƙe ta daidai cikinsa, ya sunkuya yana leƙa ta daga sama, ya ce kowa ya tsaya cak.

A wasu gidajen har yanzu irin wannan kyamara tana nan a ƙasan akwati. Mai ita ya tsufa ko ya rasu, 'ya'ya sun gaje ta. Ba tarkace ba ce. Har yau kamfanin Kodak na Amurka da na Ilford na Ingila suna yin fim ɗinta, kuma masu sha'awarta suna biyan kuɗi mai kauri idan tana aiki. Abin da ya fi kwantar da ita shi ne ƙyaurenta. Abin da ya fi kashe ta kuwa shi ne hannun mai gaggawa, wanda da ya ga ta cije sai ya sa ƙarfi, ko ya ɗura mata man keke.

Wace irin kyamara ce?

Ita ce mai cin fim mai faɗi, wanda ake kira fim 120. Kodak ne ya fara yin sa a 1901. Faɗinsa kamar santimita 6 ne, kuma yana zuwa a naɗe da takarda a bayansa. Kyamara mai ido biyu tana fitar da hoto 12 kacal daga naɗi ɗaya. Saboda haka hoto ɗaya ya lalace, asara ce da ake ji a aljihu.

Uwar irin waɗannan ita ce Rolleiflex ta ƙasar Jamus, wadda ta fito a 1929. Akwai Yashica ta Japan, da Seagull ta Sin, da Lubitel ta Rasha. Akwai kuma manya masu ido ɗaya na shagon hoto, kamar Mamiya RB67 da Hasselblad.

Mene ne ƙyaure?

Cikin kyamara ɗaki ne mai duhu, fim kuma yana zaune a ƙuryarsa. Ƙyaure shi ne ƙofar ɗakin. Idan an danna maɓalli, sai ya buɗe, haske ya shiga, ya sake rufewa. A kyamara mai ido biyu, ƙyauren yana cikin idon ƙasa. Idon sama na leƙe ne kawai, ba ya ɗaukar hoto. Ƙyauren ba falle ɗaya ba ne. Wasu ganyayyakin ƙarfe ne sirara, sun fi reza siranta, yawanci guda biyar, suna hawa kan juna. Sifirin ne yake fizgar su, wasu ƙananan ƙafafu masu haƙora irin na agogo kuma suna ƙidaya musu lokaci.

A jikin kyamarar akwai lambobi: 1, 2, 4, 8, 15, 30, 60, 125, 250, 500. Lamba 1 tana nufin ƙofa za ta zauna a buɗe sakan ɗaya. Lamba 60 tana nufin an raba sakan ɗaya gida 60, an ɗauki gida ɗaya. Wato gwargwadon girman lamba, gwargwadon saurin ƙyaure. Akwai kuma harafin B. A kan B, ƙyaure yana zama a buɗe muddin yatsa yana kan maɓalli.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Sau da yawa ƙyauren da ya ƙi tashi lafiyarsa ƙalau. An yi waɗannan kyamarori da makullai iri-iri don kada mutum ya ɓata fim, kuma wanda bai san su ba sai ya ɗauka lalacewa ce.

Da farko a duba gindin maɓalli. Yashica-Mat da Rolleiflex suna da ɗan makulli a wurin. In yana kulle, ko an kwana ana dannawa ba abin da zai motsa.

Sai a duba ko an ɗana ƙyauren, domin kamar tarko yake, sai an ɗana shi yake tashi. A Yashica-Mat ana juya hannun da ke gefe gaba har ya tsaya, sannan a dawo da shi baya har ya sake tsayawa. Wanda ya juya gaba kaɗai bai gama ba. Yashica-D da Lubitel kuwa suna da wani ɗan hannu dabam kusa da ido, shi ake ja. A yawancin Rolleiflex dole bakin takardar fim ya bi ta tsakanin 'yan sanduna biyu masu juyawa da ke ƙasa. Idan aka tsallake su, kyamara ba za ta san an sa fim ba, sai ta yi ta naɗewa har ya ƙare ba ta tsaya a lamba 1 ba.

Mamiya RB67 da Hasselblad suna da wani faifan ƙarfe da ake zurawa a gaban fim don kare shi daga haske. Muddin faifan nan yana ciki, maɓalli ba zai danna ba. Pentax 6x7 kuma ba ta aiki daidai sai da batir mai rai.

Akwai tarko guda da ya kwantar da Yashica masu yawa, ya kamata a san shi sosai. Kusa da ido akwai ɗan hannu mai haruffa biyu, M da X. Akwai kuma wani hannun na jinkiri, wanda mai hoto yake ja idan yana son ya ruga ya shiga cikin hoton da kansa. Idan aka ja hannun jinkiri alhali wancan yana kan M, ƙyauren yana iya cijewa, kuma wanda ya tilasta masa sai ya lanƙwasa ƙarfen ciki. Maganin abin shi ne a bar shi a kan X kullum. Hannun jinkiri kuwa, a tsohuwar kyamara gara a ƙyale shi gaba ɗaya. Shi ne wurin da ya fi daɗewa ba a taɓa ba, shi ya fi daskarewa, kuma in ya tsaya a rabin hanya yakan riƙe ƙyauren duka.

Gwaji da ido da kunne

Idan duk wannan daidai ne, sai a gwada ƙyauren. Ba a yin gwaji da fim a ciki. A buɗe bayan kyamara, a buɗe tagar haske iyakar girmanta, wato a kai ta kan lamba mafi ƙanƙanta, kamar 3.5. A fuskanci farin bango ko bakin ƙofa, ba rana ba, domin kallon rana ta gilashi yana cutar da ido. Sai a leƙa ta baya.

A fara da B. A danna, ganyayyakin su buɗe gaba ɗaya. A saki, su rufe nan take, ba tare da sun bar ko ƙaramin rami a tsakiya ba. Sannan a koma lamba 1, a kasa kunne. Lafiyayyen ƙyaure yana yin ƙara siririya, ziiii, ba yankewa, ya rufe bayan sakan ɗaya. Agogon waya ya isa a auna. Idan ƙarar tana tsayawa tana ci gaba kamar tsohon amalanke, ko ta kai sakan biyu ko uku, ko ƙyauren ya buɗe ya ƙi rufewa, to ƙafafun agogon nan sun yi datti.

Daga nan a bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Kowace lamba ta fi ta bayanta sauri kamar ninki biyu. Daga 60 zuwa sama kunne ba ya iya rarrabewa, sai dai ido ya ga walƙiyar haske tana ƙara gajarta. Idan 125 da 500 sun zama iri ɗaya a ido, akwai matsala.

A nan akwai abin lura, domin dokar ba ɗaya ba ce. A wasu tsofaffin Rolleiflex ba a kai lamba kan 500 bayan an ɗana, sai kafin a ɗana. Kiev 88 ta ƙasar Yukiren kuwa akasin haka take: sai an ɗana kafin a canza lamba. Ƙa'idar da ta haɗa su duka ita ce, duk abin da ya ƙi juyawa cikin sauƙi, a sake shi.

Abin da dodon hoto yake faɗa

Wani lokaci ƙyaure yana ƙara kamar lafiyayye, amma hotuna suna fitowa a lalace. To, a nan sai a ɗaga dodon hoto sama a karanta shi. A tuna, a jikin dodo komai a juye yake: inda haske ya bugi fim da yawa, nan ne yake yin baƙi.

Idan dodon ya yi baƙi ƙirin, mutane kuma suka fito fari fat a takarda, haske ya yi yawa. Ƙyauren yana jan ƙafa. Irin wannan hoton yakan zo da dishi-dishi kamar hannu ya girgiza.

Idan dodon ya fito wayam babu komai, kada a yi saurin zargin mai wanki, kada kuma a yi saurin zargin kyamara. A duba gefen fim. Kamfani yana buga sunansa da lambobi a wurin, kuma ba sa bayyana sai an wanke fim daidai. In rubutun ya fito amma babu hoto, wanki ya yi, haske ne bai shiga ba, laifin yana wajen kyamara. In rubutun ma bai fito ba, laifin ruwan wanki ne. Wannan ɗan rubutun ya isa ya raba gardama tsakanin mai hoto da mai wanki.

Idan hotunan rana sun yi kyau, na dare da aka ɗauka da filasha kaɗai suka mutu, a koma kan M da X. An yi M ne don ƙwan filasha na dā, mai ƙonewa sau ɗaya, wanda yake ɗan jinkiri kafin ya haska. Filasha ta yanzu kuwa nan take take haskawa. A kan M, tana haskawa ta mutu tun ƙyaure bai buɗe ba. Mutum zai ga walƙiya da idonsa, ya tafi gida da murna, alhali fim bai ga komai ba.

Idan kuma jan haske ko fari yana shigowa daga gefen hoto, ba ƙyaure ba ne. Murfin baya ne yake yoyon haske, ko an bar naɗin fim ya saki a rana.

Mai da ƙura

Ganyayyakin ƙyaure a bushe suke aiki. Ba a sa musu mai ko kaɗan. Ɗigon mai ɗaya yana manne su kamar yadda ruwa yake manne takarda biyu. A leƙa ta gaban idon ƙasa. In an ga ganyayyakin suna sheƙi kamar an shafa musu man shanu, tsohon man da ke wani sashe ne ya narke da zafi ya gangaro kansu. Shi ya sa ba a barin kyamara a rana ko cikin rufaffiyar mota.

Saboda haka man keke, man ɗinki, kananzir, fetur, da man fesawa na kwance ƙusa, duk ba nasu ba ne. Sukan sa ƙyaure ya motsa yini ɗaya ko biyu, mutum ya ce ya gyara. Bayan nan sai ƙurar hunturu ta haɗu da man ta zama laka, tururinsa kuma ya hau gilashi ya dusashe shi.

Abin da mai kyamara zai iya yi da kansa kaɗan ne, amma yana da amfani. Idan ta daɗe a ajiye, a ɗana a danna sau 20 ko 30 a kan lambobi dabam-dabam. Wani lokaci wannan yana sassauta ta. Da safiyar sanyi a sa ta cikin riga ta ɗan ji ɗumin jiki kafin a fara aiki. Amma wannan lallaɓawa ce, ba gyara ba. Kyamarar da sai an lallaɓa ta, ba a ɗaukar ta zuwa ɗaurin aure, domin ba a maimaita ɗaurin aure saboda mai hoto.

Wajen mai gyara

Gyara na gaskiya shi ne a kwance ƙyauren, a wanke kowane ƙarfe, a sa mai na musamman kamar kan allura a 'yan wuraren da suke buƙata, a mayar, a auna. Wannan aiki ya fi kusa da na mai gyaran agogo fiye da na mai gyaran rediyo ko waya. Ba ƙaramar sana'a ba ce. Malick Sidibé na Bamako a ƙasar Mali, wanda hotunansa suka zaga duniya kafin rasuwarsa a 2016, ya yi shekaru yana gyaran kyamarori, shagonsa cike da su a kan kanta.

Kafin a miƙa kyamara ga kowa, a tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinta. Mai cewa zai gwada, a karɓi abin a yi masa godiya. A tafi da dodon hoton da ya lalace, a faɗa wa mai gyara lambobin da suke cijewa. Idan wani ya riga ya zuba mata mai, a faɗi gaskiya, domin aikin wankin zai bambanta. A yi ciniki kafin a kwance ƙusa ko ɗaya. Ranar karɓa kuma a sake yin gwajin nan na B da lamba 1 a gabansa.

Bayan an dawo da ita gida, a danna maɓalli kafin a ajiye, don sifirin ya huta. Da hunturu a rufe ta daga ƙura. Da damina a fitar da ita daga jakar fata, domin fata tana riƙe danshi, danshi kuma yana kawo tsatsa a ganyayyaki da fumfuna a gilashi. A sa ta cikin gwangwani ko roba mai murfi, tare da 'yan ƙullin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Duk wata ɗaya a ciro ta, a bi lambobin daga 1 zuwa 500, ko da babu fim a ciki.