Ha'inci a Littafin Lissafi: Darasi Daga Kamfanin Enron

Ya kai mai karatu, ka sani littafin lissafin kamfani shaida ne, domin wanda ya sayi hannun jari ba ya shiga ma'ajiya ya ƙirga dukiya da idonsa, abin da aka rubuta masa a ƙarshen shekara shi ne madogararsa. Saboda haka idan shugabanni suka kumbura riba, suka ɓoye bashi, haƙiƙa sun yi shaidar zur a kan dukiyar jama'a, ko da ba su ɗauki kwabo da hannunsu ba.

Abin da ya auku ga Enron, kamfanin cinikin iskar gas da lantarki na birnin Houston a Amurka, ya isa ishara. Shugabanninsa sun riƙa rubuta ribar da suke tsammani shekaru masu zuwa tamkar ta riga ta shigo, sa'an nan shugaban sashen kuɗi, Andrew Fastow, ya kakkafa waɗansu ƙananan kamfanoni yana jibga musu basussuka, don kada su bayyana a littafin uwar kamfani. Kamfanin Arthur Andersen kuwa, wanda aka ɗora wa amanar binciken lissafin, ya karɓi dala miliyan 52 daga Enron a shekarar 2000, kuma da asiri ya soma tonuwa sai ma'aikatansa suka shiga kekketa takardu.

Hannun jarin da ya kai dala 90 a Agustan 2000 ya faɗi ƙasa da dala 1, kuma ranar 2 ga Disamba 2001 kamfanin ya karye, aka sallami ma'aikata kimanin 4,000. Mafi munin musibar ita ce da yawansu sun zuba tanadinsu na tsufa cikin hannun jarin kamfanin, ana kwaɗaita musu saye alhali manya suna sayar da nasu a tsanake, har albashi da fansho suka salwanta lokaci guda. An yanke wa tsohon shugaban kamfanin, Jeffrey Skilling, ɗaurin shekara 24 a 2006, daga baya aka rage zuwa 14, amma hukuncin bai mayar wa dattijo guminsa ba.

Don haka wajibi ne ma'aikaci ya raba inda yake karɓar albashi da inda yake tanadi, mai zuba jari kuma ya tambayi wanda ya binciki lissafi da wanda ke biyansa, sa'an nan ya tuhumi duk ribar da ba ta zo da tsabar kuɗi ba.