FILIN MANOMA: In Tankin Injin Jirgi Ya Fara Yoyo

Manoman bakin Kwara a ƙasar Bagudo, tun daga Tuga har yankin Illo da Lolo, sun san amfanin injin jirgi. Da shi a ke haye kogi da buhunan shinkafa da albasa, da shi kuma fatake ke hawan ruwa zuwa Malanville ta ƙasar Benin da Gaya ta Nijar. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kowane ɗigon mai ya zama kuɗi. Amma hasarar mai ita ce ƙaramar ɓarnar tanki mai yoyo. Babbar ita ce gobara a tsakiyar ruwa, inda ba wurin gudu.

Tsofaffin ƙananan injuna, irin su British Seagull da a ke ƙerawa a Poole ta Ingila, tankinsu a bisa kansu ya ke. An daina ƙera Seagull a 1996, Evinrude na Amurka kuma a 2020. Saboda haka wanda ke da irinsu ba shi shiga kanti ya sayo sabon tanki, sai gyara.

To, da fari a nemo inda man ke fita. Sau da yawa a kan ɗora wa tanki laifi, alhali kuwa tiyo ne ya tsage, ko washar famfon mai ta bushe, ko ta murfi ta cinye. Waɗannan sauya su a ke yi, shi ke nan. In duk lafiyarsu lau, sai a kwance tankin, a juye man a jarka can nesa da murhu da masu shan taba. A toshe bakinsa, a busa masa iska kaɗan da famfon keke, a shafe shi da ruwan sabulu. Inda kumfa ya taso, nan ne. Kaɗan fa muka ce, don iskar mai faci ta na iya kumbura shi ya yage. Galibi za a tarar a gindi ne, ko a bakin haɗi, ko wajen ƙafafun da a ke ɗaure shi, inda jijjigar inji ke cin ƙarfe.

Yanzu ga maganar da ta sa muka ɗauki alƙalami. Jama'a, tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari. Ba ruwan fetur ke fashewa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska. Kashi 2 na tururi cikin 100 na iska ya isa ya tashi kamar albarushi, cokali guda da ya maƙale a lungun tanki kuwa ya na ba da fiye da haka. Har wa yau tururin ya fi iska nauyi, ba shi fita don an buɗe murfi, kwanciya ya ke yi. Haka kuma ya ke kwanciya a cikin kwale-kwale, ƙarƙashin kaya, ya jira ashana. Don haka kada a kai wa mai walda tanki a ce masa, "Ɗan taɓa mini nan." A wanke shi da ruwan zafi da sabulu sau uku ko huɗu, a kife shi a rana, baki buɗe, kwana biyu ko uku. In hanci ya ji ko ɗan warin fetur, wanki bai yi ba. Ko ya yi ma, mu dai ba mu yarda a kusa masa harshen wuta ba.

Sa'an nan a san irin ƙarfen. A ɗora mayen ƙarfe: in ya kama, baƙin ƙarfe ne, in bai kama ba, a kankare fenti a duba, ja-ja ko rawaya tagulla ce, fari mara nauyi alminiyom ne. Tagulla da baƙin ƙarfe su na karɓar dalmar liƙi, irin ta masu gyaran lagireto, su ne kuwa gwanayen wannan aiki. A goge wurin da samfefa har ya yi ƙyalli, gama dalma ba ta zama a kan tsatsa ko maiƙo. A zuba ruwa a tankin, a karkata shi yadda ruwan ba zai taɓa wurin liƙi ba. Ƙarfen liƙin a gasa shi a garwashi can gefe, a kawo shi da zafinsa. In ramin ya fi ƙwayar dawa, a yanko ɗan fallen tagulla a ɗora, a bi gefensa da dalma. Alminiyom ba shi karɓar wannan dalma. Sai gam ɗin nan mai kwali biyu da a ke cuɗawa, wanda aka rubuta ya na jure fetur, a bar shi ya kwana. Tankin roba kuwa, gam ba shi riƙe shi, kada a ɓata kuɗi, a nemi wani.

In yoyon ya same ku a kan ruwa fa? A kashe inji, a goge wurin, a cuɗa busasshen sabulun wanki a cikin tsagar. Fetur ba shi narkar da sabulu, amma ruwa na narkar da shi, watau zai kai ku gaɓa kurum. Wanda ya mai da shi gyaran dindindin ya cuci fasinjansa.

Abin da ke huda tankin ƙarfe daga ciki ruwa ne. Man kwalba da na jarka ba shi rasa ruwa, ruwan kuwa ya fi fetur nauyi, sai ya sauka gindi ya yi ta haifar da tsatsa. A riƙa tace mai da ƙyalle mai tsabta, kada kuma a juye na ƙarshen jarka. In tsatsa ta riga ta kama, a zuba notuna da ruwan sabulu a girgiza sosai, a ɗauraye, a shanya. A ƙirga notunan kafin a zuba, don kada ɗaya ya kwana a ciki. Tankin da aka ga ramuka uku ko huɗu a gindinsa ya ruɓe, liƙi ɗaya na kama na biyu na ɓullowa.

Bayan an gama, a sake gwajin kumfa. Sa'an nan a zuba mai, a ajiye tankin bisa busasshiyar takarda a inuwa ya kwana. In da safe takardar ba tabo, a mai da shi kan inji.