HANYAR ZAMA MASANIN HALAYYAR ƊAN ADAM MAI AIKIN ASIBITI: SHARUƊƊAN SHIGA HORO A BIRITANIYA

Kowace shekara ɗalibai masu yawa suna gama karatun digiri na farko a kan ilmin halayyar ɗan Adam, watau ilmin da ke binciken yadda mutum yake tunani, da abin da yake ji a ransa, da dalilan da ke sa shi aikata abin da yake aikatawa. Waɗansu daga cikinsu suna zaton da zarar sun karɓi takardar digiri, shi ke nan sun isa su zauna a asibiti su duba marasa lafiya. Wannan kuskure ne, ya kuwa jawo wa mutane da dama hasarar kuɗi da shekaru. Digiri na farko zaure ne kawai, gidan yana can ciki. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa ɗalibai da iyayensu sharuɗɗan da ake cikawa kafin a shiga babban horo na wannan aiki a ƙasar Biritaniya, inda ɗaliban Nijeriya da yawa suke zuwa neman ƙarin ilmi.

AIKIN DA AKE HORAR DA MUTUM DOMINSA

Ya kamata a fara rarrabe ma'aikata iri biyu waɗanda jama'a suka saba gwamutsawa. Na farko shi ne likitan ƙwaƙwalwa. Shi likita ne sosai, ya yi karatun likita tukuna, sa'an nan ya ƙware a kan cututtukan hankali, yana da ikon rubuta magani. Na biyu shi ne masanin halayyar ɗan Adam mai aikin asibiti. Shi a Biritaniya ba ya rubuta magani. Aikinsa shi ne ya zauna da mai damuwa, ya saurare shi, ya auna halin da yake ciki da gwaje-gwaje, sa'an nan ya taimake shi ta hanyar tattaunawa bisa tsari. Yakan yi aiki da masu ciwon baƙin ciki mai tsanani, da masu firgita bayan wata masifa, da yaran da koyo ke yi wa wuya, da tsofaffin da mantuwa ta kama, da waɗanda suka ji rauni a ka.

An fara ba da irin wannan horo a Biritaniya a shekarar 1947, a asibitin Maudsley da ke birnin Landan. A shekarar 1948 aka kafa Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da haruffa NHS, ita ce kuwa ta zama babbar mai ɗaukar waɗannan ma'aikata. A yau horon yana ɗaukar shekara 3 cur, ba a haɗa shi da wani aiki, wanda ya gama kuma ana ba shi digiri na dakta.

HUKUMOMI BIYU DA KE TSARE DA ƘOFA

Akwai hukumomi biyu waɗanda lalle ne mai nema ya san da su. Ta farko ita ce Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Biritaniya, watau BPS, wadda aka kafa a shekarar 1901. Ita ce take duba kwasa-kwasan jami'o'i, ta amince da waɗanda suka cika ƙa'ida. Ta biyu ita ce hukumar rajistar ma'aikatan lafiya, watau HCPC. Tun daga shekarar 2009 doka ta sa masu wannan aiki a ƙarƙashin hukumar rajista, duk kuwa wanda ya kira kansa masanin halayya mai aikin asibiti alhali sunansa ba ya cikin rajista, ya yi laifi a gaban shari'a. Dalilin wannan tsanani a fili yake. Mutumin da hankalinsa ya tashi yakan faɗi asirin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, in kuwa ya faɗa hannun wanda bai iya ba, cutar da za a yi masa ta fi wadda ya zo da ita.

SHARAƊI NA FARKO: DIGIRIN DA AKA AMINCE DA SHI

Ba kowane digiri na ilmin halayya ake karɓa ba. Dole ne ya zama wanda ƙungiyar BPS ta yarda ya ƙunshi ginshiƙan ilmin duka: yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suke aiki, da yadda mutum yake koyo da tunawa, da yadda yaro yake girma, da zamantakewar jama'a, da bambancin halayen mutane, da hanyoyin bincike da lissafin ƙididdiga. Wanda digirinsa ya cika wannan ƙa'ida ana ba shi shaidar cancantar zama ɗan ƙungiya, wadda ake kira GBC. Idan babu wannan shaida, ba a ko duba sauran takardun mai nema.

Wanda ya yi digirinsa a wata ƙasa, kamar Nijeriya, sai ya aika wa ƙungiyar takardar digirinsa tare da jerin darussan da ya ɗauka da makin da ya ci a kowanne. Ana duba na kowane mutum daban. Idan aka ga da giɓi, ko kuwa mutum ya karanta wani fanni ne dabam, kamar ilmin zamantakewa ko aikin malanta, akwai kwas na musamman na cike giɓi, wanda yawanci shekara 1 yake ɗauka. A nan ne ake bukatar hattara ƙwarai. Jami'o'in Biritaniya suna da digiri na biyu iri-iri masu ɗauke da sunan ilmin halayya, har da masu ambaton aikin asibiti, amma ba dukkansu ke ba da shaidar GBC ba, ba kuma sa ba mutum iznin duba marasa lafiya. Kafin a biya ko sisin kwabo, a bincika ko sunan kwas ɗin yana cikin jerin waɗanda ƙungiyar ta amince da su.

SHARAƊI NA BIYU: DARAJAR DIGIRI

Yawancin jami'o'i suna bukatar digiri mai daraja ta ɗaya, ko daraja ta biyu babba. A Biritaniya daraja ta biyu babba tana farawa daga maki 60 cikin 100, ta ɗaya kuwa daga maki 70. A jami'o'in Nijeriya masu ƙidaya bisa ma'auni 5, daraja ta biyu babba tana tsakanin 3.50 da 4.49, amma jami'ar da ake nema ita ke da ikon yanke yadda za ta kwatanta takardar waje da tata. Waɗansu jami'o'i sukan duba mai daraja ta biyu ƙarama in ya ƙara da digiri na biyu mai kyau, waɗansu kuwa ba sa dubawa ko kaɗan.

An tsananta a kan maki ne domin ana so ma'aikacin ya zama mai bincike kuma mai aiki a lokaci guda. Zai karanta rahoton bincike ya gane ko wata hanyar magani tana da amfani ko babu, zai kuma rubuta babban kundin bincike na kansa kafin ya gama. Saboda haka ɗalibin da ya yi sakaci da darasin ƙididdiga a shekararsa ta biyu a jami'a, ya sani ya ɗora wa kansa nauyin da zai biyo shi nan gaba. Tun ran gini ake zane.

SHARAƊI NA UKU: SANIN AIKI

Maki kaɗai ba ya shigar da mutum. Ana so mai nema ya riga ya yi aiki da mutanen da ke cikin damuwa, jami'o'i da yawa kuma suna neman abin da ya kai shekara 1. Ana samun wannan ta zama mataimakin masanin halayya a asibiti, ko mataimakin mai bincike a jami'a, ko mai kula da marasa lafiya a ɗakin jiyya, ko ma'aikaci a gidan naƙasassu ko na tsofaffi. Aikin da aka yi a ƙarƙashin kulawar ƙwararre ya fi daraja.

Masu zaɓe ba yawan watanni kaɗai suke ƙidayawa ba. Suna so su ji abin da mutum ya koya: yadda ya yi haƙuri da mai fushi, yadda ya riƙe amana, yadda ya gane iyakar iyawarsa ya nemi taimakon na gaba da shi, da kuskuren da ya taɓa yi da darasin da ya ɗauka daga ciki.

SHARAƊI NA HUƊU: TURANCI, HALI DA IZNIN AIKI

Da magana ake wannan aiki, don haka wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne ana iya bukatar ya ci jarrabawar IELTS. Ma'aunin da hukumar rajista ta sa shi ne maki 7.0, ba tare da wani sashe ya gaza 6.5 ba, waɗansu jami'o'i kuma suna neman fiye da haka. Ana kuma binciken ko mutum yana da tarihin aikata laifi, ana duba lafiyarsa, gama zai yi aiki da yara da raunana.

Akwai wani batu da ya shafi baƙi musamman. Waɗanda aka ɗauka a guraben da gwamnati ke biya ma'aikatan NHS ne, ana ba su albashi, ba sa biyan kuɗin makaranta. Saboda haka ana bukatar su kasance suna da cikakken iznin zama da yin aiki a ƙasar. Ɗalibin da ya zo daga waje da bizar karatu bai cika wannan sharaɗi ba. Abin da ya rage masa shi ne 'yan guraben da waɗansu jami'o'i suke ware wa masu biya da kansu, kuɗin kuwa mai yawa ne, har tsawon shekara 3. Lalle ne a san wanda zai ɗauki wannan nauyi tun kafin a cika takarda.

YADDA AKE NEMA

Yawancin jami'o'in suna karɓar takardun nema ta wani ofishi guda da ke birnin Lids. Ana buɗe nema wajen watan Satumba, a rufe a watan Nuwamba. Mutum yana iya zaɓen jami'o'i har 4 da takarda ɗaya. Ana bukatar shaidu 2: ɗaya malami ne wanda ya san karatun mai nema, ɗaya kuma shugaban da ya ga aikinsa da idonsa. Waɗansu jami'o'i sukan yi jarrabawar tacewa. Waɗanda suka tsallake ana kiransu ganawa tsakanin watan Maris da Mayu, sau da yawa kuma a cikin masu yin tambayoyi har da mutanen da su kansu suka taɓa yin jiyyar irin wannan ciwo. Karatu yana farawa wajen Satumba ko Oktoba.

Gasar tana da zafi. A shekarar 2019 masu nema sun haura 4,000, guraben gwamnati kuwa ba su kai 700 ba. An ƙara gurabe a shekarun da suka biyo baya, duk da haka masu nema sun ninka su. Ba abin kunya ba ne mutum ya nema sau biyu ko sau uku kafin ya dace.

MISALI

A ɗauka ga ɗalibai biyu sun gama digiri a jami'a ɗaya da daraja ɗaya. Na farko ya yi gaggawa, ya ga tallar wani digiri na biyu mai sunan aikin asibiti, mahaifinsa ya sayar da gona ya biya masa. Bayan shekara ya gama, sai ya tarar takardar ba ta ba shi shaidar GBC ba, bai kuma taɓa tsayawa a gaban mara lafiya ba. Na biyu ya fara aika takardunsa ga ƙungiya aka auna su, ya nemi a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa lokacin hidimar ƙasa, ya riƙa rubuta abin da yake koya, ya rubuta jarrabawar Turanci, ya kuma bincika batun kuɗi. Ko da bai sami gurbi a karon farko ba, babu abin da ya yi hasara, domin duk abin da ya tara yana da amfani a gida da waje.

HANYAR GIDA

Kada a ɗauka sai an ƙetare teku ake zama ma'aikacin wannan fanni. An buɗe sashen ilmin halayya na farko a Nijeriya a Jami'ar Nsukka a shekarar 1964, daga baya jami'o'i irin su Legas da Ibadan da Jos suka buɗe nasu. A nan gida ana bi ta digiri na biyu a fannin aikin asibiti, tare da koyon aiki a asibiti. Abin da aka saba nema shi ne kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare har da Turanci da Lissafi, da digiri na farko a ilmin halayya mai daraja ta biyu, da takardar gama hidimar ƙasa ko ta yafewa. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato. Rikicin da ya auka wa Arewa maso Gabas tun daga shekarar 2009 ya bar mutane masu ɗimbin yawa cikin firgita da baƙin ciki, a watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Ma'aikacin da ke jin harshen mara lafiya, ya san al'adarsa da addininsa, yana da abin da baƙo ba shi da shi.

ABUBUWAN DA ZA A TUNA

1. Digiri na farko ba ya ba da iznin duba marasa lafiya.
2. A tabbatar ƙungiyar BPS ta amince da kwas kafin a biya kuɗi.
3. A yi ƙoƙarin samun daraja ta biyu babba, a kuma kula da darasin ƙididdiga.
4. A nemi aiki tare da marasa lafiya a ƙarƙashin ƙwararre.
5. A warware batun iznin aiki da kuɗi tun da wuri.
6. Sharuɗɗa sukan sake daga shekara zuwa shekara, don haka a nemi bayanin shekarar daga jami'ar da ake so kafin a cika takarda.