Yadda ake zaɓen kyamarar mota mai ido fiye da ɗaya

Kafin ka shiga shago, fara da tambayar kanka wane irin aiki motar take yi. Mai motar gida ido biyu ya ishe shi: ɗaya a gilashin gaba, ɗaya a na baya, domin wanda ya buge ka ta baya a cunkoso shi ne ya fi saurin musu. Direban haya, kamar masu Bolt a Abuja, yana bukatar ido na uku mai kallon cikin mota, kuma ya zama mai fitilar infrared, in ba haka ba da dare duhu kawai zai ɗauka. Mai babbar mota kuwa sai ya tabbatar kyamarar baya ba ta jin ruwa, wayarta ta kai tsawon motar, kuma na'urar tana karɓar wuta 24V.

Sai ka duba abin da ke riƙe mata wuta, nan ne mutane suka fi asara. Wasu da batirin lithium suke zuwa, wasu da supercapacitor. A Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, cikin motar da aka ajiye a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, ga kyamarar manne da gilashi. Batirin lithium kumbura yake yi a irin wannan yanayi. Ɗauki mai supercapacitor ko da ta fi tsada.

Kada rubutun 4K a jikin kwali ya ruɗe ka. Idan idanu suka yi yawa, ƙarfin hoton rabuwa yake yi. Vantrue N4, alal misali, tana ɗaukar 4K idan idon gaba kaɗai ke aiki, amma da ka kunna ukun sai na gaba ya sauko 1440p, sauran biyun 1080p. Wannan ba laifi ba ne, sai dai ka san abin da ka saya. Abin da ya fi waɗannan lambobi muhimmanci shi ne ko za ka iya karanta lambar motar da ke gabanka da dare. Masu firikwensin Sony STARVIS, kamar Viofo A229, sun fi iya duhu. Ka sa mai shago ya nuna maka bidiyon dare, ka tsayar da shi a kan wata mota mai tafiya. In lambar ba ta fito ba, ajiye kyamarar. Idan kuma gilashinka na baya mai duhu ne, hoton baya zai ragu komai kyan kyamarar.

Katin memori ba wurin yin rowa ba ne. Kyamarar tana rubutu tana gogewa ba hutawa, kuma ido uku yana cika kati da wuri, sai sabon hoto ya hau kan tsoho. Sayi 128GB zuwa sama, irin wanda aka yi don wannan aiki, kamar SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance. Jabun kati ya cika kasuwa, don haka gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw kafin ka saka. Ka kuma tabbatar na'urar tana kulle bidiyo da kanta idan mota ta ji bugu, sannan ka rage ƙarfin jin nata, don ramukan hanyoyinmu sai su sa ta kulle komai har katin ya cika.

GPS yana da amfani, yana rubuta wuri da lokaci da gudun mota. Ka dai tuna gudun naka ma yana rubutawa.

Idan kana son ta yi gadi bayan ka kashe mota, wurin kunna sigari ba zai wadatar ba a yawancin motoci. Sai mai wayarin ya haɗa ta da akwatin fiyus, da wayar da ke yanke wuta idan batir ya sauko kusan 12V, don kada ka wayi gari mota ta ƙi tashi. Ka ce masa ya liƙa kyamarar bayan madubi, inda abin share gilashi ke kaiwa, kuma kada ya bi da waya ta gaban jakar iska da ke gefen gilashi.