Karatu: P, F da B a Umm Rakuba

Umm Rakuba wani ƙauye ne a jihar Gadarif, gabashin ƙasar Sudan, kusa da iyakar Habasha. A Larabcin Sudan, "rakuba" ita ce rumfar itace da ciyawa. Ƙasar Gadarif ƙasar noma ce, ana samun dawa da riɗi da yawa. Akwai Hausawa a jihar tun da daɗewa. Kakannin waɗansu mahajjata ne da suka nufi Makka a ƙasa, suka zauna a hanya. Waɗansu kuma hijira suka yi bayan yaƙin Burmi na 1903.

A watan Nuwamba na 2020 yaƙi ya ɓarke a yankin Tigray na Habasha. Dubban mutane suka gudo, aka sauke su a sansanin Umm Rakuba. Su Tigirinya suke ji, mutanen gari Larabci, ma'aikatan agaji da yawa kuwa Ingilishi.

Ga wani suna da ake yawan ji a Tigray: Petros. Mai sunan yana matse harafin farko kamar yadda Bahaushe yake matse ƙ. Balarabe ya ce Butrus. Bahaushe ya ce Bitrus. A Ingila Peter ne, a Faransa Pierre. Idan aka rubuta Petros a katin abinci, aka rubuta Butrus a katin asibiti, sai mutum ɗaya ya zama kamar mutum biyu, gyaran kuwa da wahala.

Me ya kawo haka? Larabci ba shi da p, sai ya mai da shi b. Shi ya sa mutanen Sudan suke kiran Port Sudan, birnin da ke bakin Bahar Maliya, Bur Sudan. Hausa kuwa f take mai da shi: fasinja, fensir, fasfo, fetur, duk da p suka fara a Ingilishi. Dalili shi ne Bahaushe da leɓɓa biyu yake faɗin f, Bature kuwa sai ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Hausawan ma ba su zama ɗaya ba: Bakano ya ce fari, Ba'adare ya ce hwari. Babu wanda ya yi kuskure, kowa da harshen garinsu.

Amma a Ingilishi, pan kwanon suya ne, fan fanka ce, ban kuma hani ne. A bakin Bakano na farko da na biyu sukan zama ɗaya. A bakin Balaraben Gadarif na farko da na uku ne suke haɗuwa. Haka yake a Faransanci: pain burodi, faim yunwa, bain wanka. Yaron da bai rarrabe su a kunne ba, ranar shifta zai sha jan biro.

Tambayoyi
1. Me ya kai Hausawa jihar Gadarif?
2. Don me ake cewa Bur Sudan?
3. Yaya ake faɗin "fari" a garinku?

Aiki
Ku ɗora yatsu a maƙogwaro, ku faɗi poule, foule, boule a hankali. A wace kalma ce maƙogwaro ya fara rawa tun daga harafin farko? Ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya faɗi kalma, ɗaya ya rubuta a allo.